Daƙiƙa Arba'in da Allura a Hannun Baba

Shekara biyu ke nan Baba bai ɗinka komai ba. Ni nake ɗinkawa.

Mu uku muka san haka, ni da shi da Inna. A waje kuwa sunan yana nan yadda yake: Malam Abdulwahab mai aska takwas, na cikin birnin Zariya. Daga Kano ake zuwa, daga Ilori, har daga Yamai, a ajiye shadda a jira wata huɗu. Sauran masu ɗinkin hannu suna raba wa yara aiki, wannan ya yi tambari, wancan ya cika aljihu, ba wanda yake ganin laifin haka. Baba kuwa da abu guda aka san shi: wuyan babbar riga da aikin ƙirjinta ba ya ba kowa. Hannunsa ake biyowa.

Idonsa a hankali ya tafi. Likita a Kaduna ya ce ba yanar ido ba ce, jijiya ce, babu abin da za a yi wa aiki. In ka kalli idon garau yake. Yana ganin haske, yana ganin inuwar mutum, shi ke nan. Da muka fito daga asibitin, a tasha, ya riƙe hannun rigata ya ce, "Umair, maganar nan a nan ta tsaya."

Ta tsaya. Ina ɗinki a ɗakin ciki daga asuba zuwa azahar, ƙofa a rufe. Da la'asar Baba ya zauna a zaure, riga a cinya, allura a soke da zarenta, ni na zura masa. Abokansa su zo a yi hira, yana shafa aikin da yatsa kamar mai dubawa. Dubawar kuwa yake yi. In na yi kuskure yatsansa ya fi idona gani, da safe in warware.

Na gama sakandare, sakamakon bai kai ni ko'ina ba. Wannan shi ne aikina. Ban taɓa jin haushin sunan da ake kira ba. Tsoro kawai nake ji, kullum, kada wani ya miƙa masa takarda ya ce karanta.

Zailani ne ya kawo abin da nake tsoro, yana dariya. Ɗan Gwaggo Hassana ne, ƙanwar Baba da ta rasu. Ya girme ni da shekara takwas. Yana da shago a Tukur-Tukur, yana ɗaukar bidiyon biki da saukar karatu, kuma tun da na san shi yake cewa sai ya yi shirin talabijin.

Ya durƙusa a zaure ya gaida Baba, sannan ya zayyana. Sunan shirin "Hannun Wa?" Za a ajiye wani aikin hannu a gaban jama'a. Mutum uku su zauna, kowa ya ce shi ya yi. Ɗaya ne mai gaskiya. Taurari uku su yi musu tambayoyi, su zaɓi wanda suka yarda da shi, daga ƙarshe mai aikin ya miƙe tsaye. Guda ɗaya zai fara ɗauka na gwaji, ya kai gidajen talabijin. In sun saya, sai a ci gaba.

"Kawu, da kai nake so in buɗe. Birnin nan kaf, in ana maganar hannu naka ake nufi."

"Ni da talabijin, Zailani?"

"Tambaya ce kawai. Su tambaya, ka amsa. Minti ashirin."

"Ba ɗinki?"

"Ba ɗinki, Kawu. Wa ya isa ya sa ka ɗinki a gaban mutane?"

Ina tsaye a bakin ƙofa ina roƙon Allah Baba ya ce a'a. Amma a'a tana buƙatar dalili, kuma tun da Gwaggo ta rasu bai taɓa hana Zailani komai ba.

"To, Allah ya sa alheri," in ji Baba.

Zailani ya juyo wurina. Taubashina ne, ba ya ganina ya ƙyale.

"Kai kuma, sarkin ɗaure fuska, kai ne maƙaryacina na farko. Ka san sunayen abubuwan, kuma Allah ya taimake mu ba ka yi kama da Kawu ba, hancin Inna ka kwaso. Za ka iya cewa kai ka ɗinka ba ka yi dariya ba?"

"Zan iya, Yaya."

"Dama yaushe dariya ta taɓa damunka."

An ɗauka ran wata Asabar da hantsi, a zauren taron wata makaranta a Tukur-Tukur. Tun ran Juma'a na je na ƙirga komai: matakala uku, taku tara zuwa kujera, waya ɗaya a ƙasa da za a tsallake. Na faɗa wa Baba, ya haddace. Ya hau kamar mai gani. Fitilun ma sun rufa masa asiri, don kowa lumshe ido yake yi a gabansu.

An rataye rigar a tsakiya. Farar shadda, zaren tsamiya, aska takwas. Wata uku na yi a kanta. Baba ne lamba ɗaya, ni lamba biyu. Lamba uku Haruna ne, direban bas a Ƙofar Doka, wanda Zailani ya koya wa kalmomi biyar na sana'ar. 'Yan kallo sun kai sittin, ɗalibai da abokan Zailani. Na bi fuskokinsu ɗaya-ɗaya. Babu ɗan layinmu, babu mai ɗinki.

Taurarin sun makara da awa biyu. Ibtisam Zinariya, 'yar fim daga Kano, ita ta fara shigowa. Sai Gwangwani mai barkwanci, ya fi yadda yake a waya gajarta. Sai Martins Seth, ɗan Wusasa, tsohon mai tsaron raga, wanda ya zo wurin Baba ya rusuna ya gaishe shi kafin ya zauna. Zailani da kansa ne mai gabatarwa, cikin shuɗin kaftani, gumi ya riga ya jiƙa masa baya.

Muka ce mu muka ɗinka, ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗi nawa muryata ba ta yi rawa ba. Karo na farko ke nan da na taɓa faɗa a gaban wani.

Martins ya fara. "Lamba uku, wata nawa ka yi a kan rigar nan?"

"Sati biyu, yallaɓai. Har da Lahadi."

Aka yi dariya.

"Lamba uku," in ji Gwangwani, "ɗaga hannunka mu gani. To, sauke. Daga nan nake jin warin baƙin mai. In kai ka ɗinka wannan, ni ne na gina ganuwa."

Ibtisam ba ta yi dariya sosai ba. Ta tambayi Baba yadda ake gyaran zaren tsamiya. Ya faɗa mata a natse: a dafa da toka, a wanke, a shanya a inuwa, a kaɗa. Zauren ya yi shiru yana sauraro. Hankalina ya ɗan kwanta.

"Lamba biyu, ta ina ake farawa?"

"Zane. Sannan wuya."

"Shi ke nan? Ba ka da magana ne?"

"Ba ni da ita, Hajiya."

"Wannan ko kuɗi ya tsinta ba zai yi murmushi ba," in ji Gwangwani. "Zailani, ka ba shi abinci kuwa?"

Saura minti biyar a gama. Na fara ƙirga takun da za mu yi mu sauka. Sai Ibtisam ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan ƙaramin kwali.

"Ni fa magana ba ta ishe ni ba," ta ce. "Kakata ɗinkin hula take yi, na san yadda mai ɗinki yake riƙe allura. Ga ta. Kowa ya zura min zare in gani."

Na kalli Zailani. Kalma ɗaya zai faɗa, ya ce ba ya cikin ƙa'ida. Sai na ga fuskarsa ta yi haske.

"Alƙalai suna da iko!" ya ce, ya je ya karɓo.

Haruna ya zura a karo na uku, ya ɗaga hannu kamar ya ci ƙwallo. Da aka miƙo min na yi niyyar in kuskure, in kuskure sosai, don in Baba ya kuskure a ce allurar ce. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Zaren ya shige tun kafin in gama tunanin.

Zailani ya karɓa, ya zare, ya nuna wa kyamara, ya sa a tafin Baba.

Baba ya laluba da yatsa ya gane kanta. Ya jiƙa zaren a baki, ya murza. Ya ɗaga allurar wajen fitila, yadda na ga yana yi tun ina yaro. Zaren ya wuce ta gefe. Ya sake. Ya wuce ta ɗaya gefen, da faɗin yatsa guda. Wani ya fara dariya a baya.

"Baba, allurar tana nan Zariya, kai kana aika zare Funtuwa!" in ji Gwangwani.

Zauren ya ɗauka. Baba ya sake jiƙa zaren. Ya kai shi a hankali, ya tsaya, ya kama ƙarshensa da yatsu biyu ya ja, dogon ja, irin na wanda ya gama. Ya ɗaga sama. Zaren yana hannun dama, allurar tana hannun hagu, babu abin da ya haɗa su. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Gwangwani yana dukan tebur.

"Zailani, a wace tasha ka samo tsohon nan? Wallahi ko maɓalli bai taɓa ɗinkawa ba!"

"Ya isa haka," in ji Martins. "A bar Baba ya huta."

Aka rubuta zaɓi a allo. Su ukun duka lamba biyu suka rubuta. Zailani ya sa aka buga ganga a lasifika, ya ɗaga murya: "Mai wannan hannu, ya miƙe!"

Na kafa ido a gwiwoyina. Gangar ta ƙare. Shiru ya yi tsawo har Haruna ya fara motsi kamar zai tashi don a yi dariya. Sai na ji kujerar da ke damana ta yi ƙara.

Baba ya miƙe.

Zauren ya fashe da tafi. Gwangwani ya kwanta a ƙasa, sannan ya rarrafo ya durƙusa gaban Baba. "Ranka ya daɗe, ka cinye mu ɗanye! Kai ne ɗan wasa, mu 'yan koyo ne!" Ibtisam ta ce sai ta sa shi a fim. Kowa ya ɗauka da gangan ya yi don ya ɓatar da su. Zailani ya rungume ni a bayan labule yana cewa, "Daƙiƙa arba'in, Umair! Daƙiƙa arba'in ɗin nan su za su sayar min da shirin!"

Muka hau keke napep zuwa gida. Sai da muka shiga Ƙofar Doka Baba ya ce, "Zaren bai shiga ba ko?"

"Bai shiga ba, Baba."

Bai ƙara tayar da zancen ba, ranar da sauran ranakun.

Ɗalibai an ruɗe su. 'Yan fim an ruɗe su. Amma in abin nan ya hau talabijin, 'yan layinmu za su gani. Su sun shekara arba'in suna kallon Baba yana zura zare yana hira, bai ma duba ba. Sun san bai iya wasa ba. Za su kalli inda idonsa yake kallo, su ga ba allurar yake kallo ba. Daga su sai masu kawo shadda. Sai kowa ya tambayi kansa wa yake ɗinka masa riga shekara biyun nan.

Zailani ya yi sati uku yana gyara shirin. Ranar da zai kai Kaduna ya kira ni daga mota.

"Ɗan ƙanina, sa ni a addu'a."

"Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

"Amin. Kai ko addu'arka a ɗaure take."

Na san abin da nake nufi da alherin. Bayan kowace salla nake roƙo kada a saya. Zailani ne ya koya min keke. Shi ya raka ni ranar da na je duba sakamakon jarrabawa, da na fito bai tambaye ni komai ba, ya saya min tsire. Shi nake yi wa wannan addu'ar.

In wayata ta yi ƙara sai in yi maza in duba ko Zailani ne. Kaduna suka ce shirin ya yi kyau, ya kawo mai ɗaukar nauyi. Na samu barci kwana biyu. Sai ya ce Kano sun kira shi. Kano suka ce a dawo bayan Salla. Na ƙirga kwanakin. Bayan Salla suka ce wanda ya kalla an canza masa wurin aiki, sabon bai san zancen ba. Wasu a Abuja suka ce ya sake yi da Turanci. Manajan wani kamfanin sabulu ya sa aka maimaita masa wurin allurar sau uku, yana share hawaye don dariya, ya ce a ba shi sati ɗaya. Satin nan na warware wuyan riga guda sau huɗu.

"Hankalinka ba ya nan," in ji Baba, yatsansa a kan ɗinkin.

"Yana nan, Baba."

Bai taɓa tambayata labarin shirin ba. Amma in aka ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida, sai ya katse magana har sai ya ji muryar mai shigowa. Inna kuwa ta daina kunna talabijin ɗinta, ta rufe shi da zane.

Haka muka yi wata bakwai.

Wata Lahadi bayan azahar Zailani ya ce in same shi a shago. Na tarar da shi zaune a gaban kwamfuta, bai yi aski ba, fanka tana kaɗa takardun gayyatar biki.

"Sun ƙi," ya ce. "Duka. Mai sabulun ma ya daina ɗaukar wayata."

Wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na sunkuyar da kai kada ya gani.

"Allah ya sa haka ya fi alheri."

"Kai dai da alherinka. Zo ka ga." Ya juyo min da kwamfutar. "Ban mutu ba tukuna. Na yanko wurin allurar, da wurin da Kawu ya miƙe. Minti ɗaya da rabi. Ran Juma'a zan sa a intanet. In mutum miliyan suka kalla, su da ƙafarsu za su zo shagon nan."

Talabijin sau ɗaya ake nunawa ya wuce. Wannan kuwa a wayar kowane yaro a birni zai zauna.

"Kada ka sa, Yaya."

"Don me?"

"Baba ba zai so ba."

"Ya faɗa maka?"

"A'a."

"To?"

"An yi masa dariya."

"Dariyar da ya juya ya cinye su da ita? Shi ne gwarzon abin, malam." Ya tsaya yana kallona. "Wai ni me na yi maka, Umair? Wata bakwai ina yawo a titi, ko sau ɗaya ba ka kira ka ce Yaya ya ake ciki ba. Yanzu na samu 'yar ƙofa, ka zo ka tsaya a ciki."

Gaskiya ya faɗa. Maganar tana bakina. Amma ba tawa ba ce, kuma an ce min ta tsaya.

"Shi ke nan," ya ce. "Zan tambayi Kawu da kaina. In ya ce a'a, na bari. Yau bayan la'asar."

"Ka bari sai bayan magariba. Da la'asar akwai mutane."

"Ina da biki a Tudun Wada da magariba. Mutanen ma ai gara su gani, su san Kawu ya iya wasa."

Na fito na tari acaɓa. A Ƙofar Doka wata babbar mota ta lalace ta tare hanya, na sauka na ƙarasa da gudu. Da na isa an riga an idar da salla. Baba yana zaure, riga a cinya. Malam Hamisu yana gefensa, abokinsa tun makarantar allo, shi ma mai ɗinki ne. Da wasu dattawa biyu na layin, duk 'yan sana'a. Na durƙusa kusa da kunnen Baba.

"Baba, Inna tana kira."

"Ta ɗan jira, Malam Hamisu yana magana."

Ban kai ga sake faɗa ba na ji babur ya tsaya.

Zailani ya yi sallama, ya bi su da gaisuwa ɗaya-ɗaya, ya ajiye kwamfutar a kan tabarma tana fuskantarsu.

"Iyayena, ku zo ku ga abin da Kawu ya yi wa 'yan fim. Shi kansa bai taɓa gani ba."

Ya danna. Muryar Gwangwani ta cika zauren. Baba ya juya fuskarsa wajen sautin. Dariya tana fitowa daga kwamfutar, a zauren kuwa ba wanda ya yi. Malam Hamisu ya gyara tabarau ya sunkuya. Da aka zo wurin da Baba ya ja zaren, ya miƙa hannu ya rufe murfin da kansa.

"Ya isa, Zailani."

"Malam, ai ba a zo wurin daɗin ba, yanzu zai miƙe..."

"Na ce ya isa." Ya juya ga sauran. "Jiya na aiki yaro Sabon Gari neman zaren siliki, ruwan toka, wai babu ko ƙulli ɗaya."

"Haka ne," in ji ɗayan da sauri. "Ni ma sati biyu ina nema."

"Hamisu," in ji Baba.

"Na'am."

"Me ka gani?"

Malam Hamisu ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Abin da na sani na gani."

"Tun yaushe?"

"Tun rigar surukin Liman, bara waccan. Yaron nan yana matse zare a kwanar wuya fiye da kai. Kai ta hagu kake ƙullewa, shi ta dama. Shekara hamsin ina kallon hannunka, Abdulwahabu. A duhu ma zan gane shi."

Sauran biyun suka gyaɗa kai. Sai suka tuna ba ya gani. Ɗayan ya ce da baki, "Mu ma, Malam."

"Kullum kuna zuwa, kuna kallona da riga a cinya."

"Hira muke zuwa."

"Ba wanda ya ce min."

"Kai ka ce mana?"

Zailani yana kallon wannan, yana kallon wancan. Daga ƙarshe ya kalli idon Baba, ya daɗe a kai.

"Kawu... ba wasa ka yi ba?"

"Ban iya wasa ba, Zailani."

Zailani ya zame daga durƙuson ya zauna a ƙasa. "Ni na sa maka allurar a hannu," ya ce. "Ni na ce ba ɗinki." Ya juyo wurina. Na jira tsokana ko faɗa, babu ko ɗaya. Ya buɗe kwamfutar, ya ce in matso in gani. Ya goge guntun. Ya nemo cikakken shirin, ya ɗan tsaya da yatsa a sama, ya goge shi ma.

Sannan ya ce, a hankali, "Amma akwai filash uku a waje da na kwafa shirin a ciki. Kaduna, Kano, da mai sabulu. Ba su dawo min da su ba."

"Za su ba ka?" na ce.

"Zan bi su. Ko sun ba ni, ban san wa ya kwafa ba."

Ke nan ba a gama ba. Wani yaron ofis zai iya tsintar shi gobe, ko baɗi, ya yi dariya, ya tura wa abokinsa.

Baba ya zare allurar daga jikin rigar. Ya naɗe rigar yadda ya saba, hannu a ciki, wuya a sama. Ya miƙa ta wajen da yake zaton ina tsaye. Ba a nan nake ba. Na matsa na karɓa.

"Miƙewar da na yi a gaban mutanen can, ƙarya na yi," ya ce. "Wata bakwai ina jin ta. Ba zan zauna jiran wani a Kano ya faɗa a madadina ba. Alhajin Ilori zai zo ran Laraba karɓar wannan. Umair, kai za ka ba shi, ina zaune. Ka gaya masa kai ka ɗinka, da wannan da waccan ta bara. In ya karɓa, to. In ya ƙi, haƙƙinsa ne."

"Baba, in suka daina zuwa fa?"

"To sun daina."

Ba wanda ya ce za su ci gaba da zuwa. Malam Hamisu ma bai ce ba. Aka zauna haka, Zailani ya manta da bikinsa, wayarsa tana ta ruri a aljihu, har ladan ya kira magariba.

Kullum Baba shi kaɗai yake zuwa masallaci, yana bin jikin katanga, gwiwar hannunsa tana ɗan gogarta yadda ba mai lura. Ya miƙe, ya laluba takalmansa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Umair. Zo nan."

Na ajiye rigar na je. Ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Yana da nauyi. Muka fita ta tsakiyar layi, a hankali, dattawan suna biye. Layin cike yake da masu alwala. Mai shagon kusurwa ya buɗe baki zai gaishe shi, ya ga hannun, ya ɗan yi shiru.

"Barka da yamma, Malam."

"Barka kadai," in ji Baba. Muka wuce.